Kyan Motar Da Ba Kowa Ya Sani Ba

A garin Zama da ke kudu maso yammacin Tokyo, kamfanin Nissan yana da wani katafaren ɗaki da yake adana tsofaffin motocinsa. Cikin ɗaruruwan motocin da ke wurin akwai wata ja mai ɗauke da lamba 11, wadda tsayinta daga ƙasa bai wuce kimanin mita ɗaya ba, nauyinta kuma bai kai kilo 700 ba. Sunanta Prince R380. Kamfanin da ya ƙera ta ya narke cikin Nissan tun shekarar 1966, kuma a wajen Japan ko masu bibiyar tseren motoci ba kowa ne ya san ta ba.

A ce hotonta ya faɗo mana a waya muna zaune mu biyu. Ɗaya ya ce ta burge shi ƙwarai, ɗaya ya ce shi akwatin ƙarfe kawai ya gani an yi masa jan fenti. Shin a cikinmu akwai wanda ya fi kusa da gaskiya, ko kuwa mu ce abincin wani gubar wani, mu tashi taron?

Tambayar tana kama da ta marasa aikin yi, amma tana da nauyi. A kullum muna yanke hukunci irin wannan sau ɗari ko fiye da babban yatsa: wannan ya yi, wannan bai yi ba, wannan a wuce. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san abin da ke faruwa a bayan gilashin wayar. Manhaja ba ta san kyau ba, ƙidaya ta sani: daƙiƙa nawa aka tsaya a kan hoto, mutum nawa suka danna, mutum nawa suka tura gaba. Abin da ya tara lamba shi za ta ƙara nuna mana, mu kuma mu ƙara tara masa lamba. Idan ba mu da wata hanya tamu ta auna abin da ya cancanci so, ƙidaya ce za ta zaɓa mana. Shi ya sa abin da ba shi da farin jini, kamar wannan mota, yake da amfani wajen gwaji. Babu taron jama'a da za mu ɓuya a bayansa, dole mu faɗi dalilinmu da bakinmu.

Kafin hukunci, a ji ƙarar tukuna.

A watan Mayun 1964 aka yi babbar gasar tseren motoci ta Japan karo na biyu a filin Suzuka. Kamfanin Prince ya ɗauki motarsa ta iyali mai ƙofa huɗu, Skyline, ya ƙara wa hancinta tsawon santimita 20 domin ya cusa mata inji mai silinda shida daga babbar motarsa Gloria. Suna ganin sun gama shiri, sai ga wani direba, Sokichi Shikiba, ya shigo da Porsche 904 daga Jamus, motar da tun daga tushe don tsere aka ƙera ta, injinta a tsakiya bayan direba. Porsche ta ci gasar, motocin Skyline suka jera daga ta biyu har ta shida. Amma a tsakiyar tseren Tetsu Ikuzawa ya wuce Porsche ɗin da Skyline tasa, ya riƙe gaba na kimanin zagaye ɗaya, kuma wannan zagaye ɗaya har yau ana ba da labarinsa a Japan.

Injiniyoyin Prince, cikinsu har da Shinichiro Sakurai, sun fahimci cewa motar iyali ba za ta kayar da motar tsere ba komai gyaran da aka yi mata. Sai suka sayo Brabham BT8 daga Ingila, suka ɗauki firam ɗinta na bututun ƙarfe, suka ɗora masa injin da suka ƙera da kansu mai suna GR-8, mai lita biyu da silinda shida, wanda ke ba da ƙarfin doki kusan 200. Haka aka haifi R380. Ba a yi gasar 1965 ba, don haka a shekarar sai dai aka kai ta filin gwaji na Yatabe ta nuna gudunta. Ranar 3 ga Mayun 1966, a sabon filin Fuji, aka yi zagaye 60 na hanya mai tsawon kilomita shida. Yoshikazu Sunako ya zo na ɗaya a R380 mai lamba 11, wata R380 ɗin ta zo ta biyu, Toyota 2000GT ta zo ta uku. Porsche 906 da aka fi jin tsoro ba ta kai ƙarshe ba. Wata uku bayan haka, a watan Agusta, Prince ya haɗe da Nissan. Kamfanin ya rama kayen da aka yi masa, sannan sunansa ya fara gushewa.

To, me yake burge mu a nan? Abu na farko da ya kamata mu tuhuma shi ne rashin sanin da ake yi mata. Akwai wani daɗi da ɗan Adam ke ji idan ya san abin da na kusa da shi bai sani ba. Ana hirar Ferrari da Mercedes a majalisa, sai mutum ya gyara zama ya ambaci sunan da babu wanda ya taɓa ji, kallo ya koma kansa. Wannan daɗi na gaske ne, amma ba a jikin motar yake ba, a jikin mai maganar yake. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ce gobe wani shahararren fim ya fito da R380, yara suka liƙa hotonta a jikin babura, kowa ya haddace labarinta. Idan sha'awarmu ta ragu a ranar, to da ma ba motar muke so ba, fifikon da take ba mu muke so. Babu ƙusa ɗaya da ta canza a jikinta.

Wannan ba yana nufin neman abin da aka manta laifi ne ba. Shahara ba ta raba kanta bisa adalci. Motocin Turai na wancan zamani sun samu mujallu da masu ɗaukar hoto da gasanni irin na Le Mans da duniya ke kallo, R380 kuwa yawancin tserenta a gida ta yi, labarinta kuma da Japananci aka rubuta. Wanda ya tono irin wannan abu ya kawo wa mutane yana gyara wani zalunci ne ƙarami na tarihi. Bambancin yana ga niyya. Mai son motar yana so kowa ya san ta, mai son fifiko yana fatan a ci gaba da jahiltarta.

Abu na biyu shi ne labarin. An kayar da kai a gidanka, ka koma ka yi shiri shekara biyu, ka dawo ka yi nasara, sannan ka rasa sunanka. Da wuya a samu zuciyar da irin wannan ba zai taɓa ba. Sai dai so hana ganin laifi, kuma labari mai daɗi yakan rufe wa mutum ido daga wasu bayanai. Porsche ɗin 1966 mota ɗaya ce ta wata ƙaramar tawaga mai zaman kanta, Prince kuwa kamfani ne guda da ya shigo da R380 har huɗu. Wani babban ɓangare na nasarar a wurin shan mai aka same shi, inda ma'aikatan Prince suka tanadi hanyar ɗura fetur cikin sauri fiye da abokan karawarsu. A shekarar da ta biyo, 1967, Porsche 906 ce ta ci gasar a gaban sabuwar R380 da ke ɗauke da sunan Nissan, kuma wanda ya tuƙa Porsche ɗin shi ne Ikuzawa, gwarzon zagaye ɗayan nan na Suzuka.

Shin waɗannan bayanai sun rage wa motar daraja? A ganinmu sun mayar da darajar ne inda ta dace. Sun nuna cewa abin yabo a 1966 ya haɗa da mutanen da ba su taɓa sitiyari ba, waɗanda suka zauna suka lissafa cewa daƙiƙar da aka ɓata a tsaye daidai take da wadda aka ɓata a kwana. Son da ba zai iya jure cikakken labari ba so ne mai rauni. Idan sai mun ɓoye 1967 kafin 1966 ta yi mana daɗi, to tatsuniya muke so, kuma tatsuniya ba ta buƙatar mota.

Abu na uku shi ne surar motar kanta, kuma a nan ne masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo. Immanuel Kant, a littafinsa na 1790 kan hukuncin kyau, ya raba kyau gida biyu. Akwai wanda ba ya buƙatar ka san amfanin abu, kamar kyan fure. Akwai kuma wanda ya rataya ga sanin abin da aka yi abu dominsa, ya kawo misali da doki da gini. Misalin dokin ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaro a gefen hanya ranar hawan sallah yana ganin kwalliya da ƙyalli ya ce dokin ya yi kyau. Wanda ya san dawaki kuwa yana duban ƙirji da ƙafafu da yadda dabbar ke ajiye kofato, ko da an tuɓe mata kayan ado gaba ɗaya. Dukansu sun ga wani abu, amma na biyun ya ga abin da na farkon zai iya koyon gani, na farkon kuwa ba shi da abin da zai koya wa na biyun.

Motar tsere tana cikin rukuni na biyu. Kwanciyar da R380 ta yi a ƙasa don kada iska ta tare ta ne, kuma don kada ta kife a kwana. Gajeren hancinta ya samu ne saboda babu inji a gaba. Ƙofofin iskar da ke jikinta don injin da ke bayan direba ya sha iska ya huce ne. Wanda ya san wannan zai ga kowane lanƙwasa a matsayin amsar wata tambaya. Mu a sana'armu muna da irin wannan ido. Mukan buɗe rubutun manhajar da wani ya yi shekaru da dama da suka wuce, lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta kai ta agogon hannu na yau ba, mu ga yadda ya warware matsala da layi goma ba tare da ɓarnar ko ɗaya ba, mu ce wannan ya yi kyau. Wanda bai san ƙuncin da marubucin ya yi aiki a ciki ba, haruffa kawai zai gani.

Daga nan wani zai ɗaga hannu da ƙorafi mai ƙarfi. Ai ƙashin bayan motar farko na Ingila ne, akwatin giyarta ma na kamfanin Hewland ne na Ingila, dabarar sa inji a tsakiya kuma daga Turai aka gano ta. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ta yaya za a yaba wa Japan a kan abin da rabinsa aro ne?

Karin maganar gaskiya ce game da wanda ya ari riga ya sa, ya mayar gobe, ya koma yadda yake. Ba ta shafi almajirin da ya ari littafi ya haddace ba. Wayar Android da yawancinmu ke karanta wannan rubutu a kanta tana zaune ne a kan Linux, wanda wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, shi ma yana koyi da tsarin da ya girme shi. Babu mai rubuta manhaja da ke fara komai daga sifili, kuma wanda ya ce zai yi hakan girman kai ne ke damunsa. Abin dubawa shi ne me aka yi da aron. Injiniyoyin Prince sun ci gaba da ƙera nasu firam ɗin bayan sun karanci na Brabham. A watan Oktoban 1967 sabuwar R380 ta kafa bajintar gudu ta duniya har guda bakwai a ajinta a Yatabe. Daga injin GR-8 aka samo S20, injin da aka sa wa Skyline GT-R ta farko a 1969, motar da ta tara nasarori hamsin cikin kimanin shekara uku, kuma sunan GT-R ya ci gaba da rayuwa shekaru masu yawa bayan haka. Amincewa da cewa wani ya fi ka, sannan ka zauna ka koya daga gare shi ba tare da jin kunya ba, hali ne mai kyau, kuma yana cikin abin da muke gani idan muka kalli motar da idon sani.

Akwai kuma inuwa a bayan wannan kyau, wadda mai adalci ba zai tsallake ba. Asalin kamfanin Prince daga kamfanonin ƙera jiragen sama biyu yake, Tachikawa da Nakajima, waɗanda suka yi wa sojojin Japan aiki a yaƙin duniya na biyu. Bayan 1945 an haramta wa Japan ƙera jirage na wasu shekaru, sai injiniyoyin suka koma ga motoci. Ryoichi Nakagawa, ɗaya daga cikin jagororin injiniyoyin Prince, ya yi suna ne tun farko wajen tsara injinan jiragen yaƙi. Ƙwarewar da ta haifi R380 ta fara girma ne a hidimar yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka a Asiya.

Tseren kansa ma ya ci mutane. Gasar da ta ɓarke tsakanin Nissan da Toyota bayan R380 ta kai ga manyan injina masu lita biyar da shida cikin 'yan shekaru. Sachio Fukuzawa ya mutu a 1969 yana gwada motar tsere ta Toyota, Minoru Kawai ya mutu a 1970 a Suzuka yana gwada Toyota 7. Kwanar nan ta filin Fuji mai gangaren digiri 30, wadda R380 ta bi ta kai ga nasara, an daina amfani da ita bayan haɗarin 1974 da ya kashe direbobi biyu, Hiroshi Kazato da Seiichi Suzuki. Rashin nauyin da muke yabawa a motocin wancan zamani yana nufin ƙarfe kaɗan ne tsakanin jikin mutum da bango, tankin fetur kuma yana kusa da shi.

Shin ya halatta mu ji daɗin kallon abin da ke da irin wannan tarihi? Hanya biyu ce mai sauƙi, kuma dukansu ba su gamsar ba. Ta farko a ce kyau daban, ɗabi'a daban, kada a haɗa. Amma mun riga mun yarda cewa kyan motar tsere ya rataya ga sanin abin da take, don haka ba mu da ikon zaɓar sanin da ya yi mana daɗi mu watsar da sauran. Ta biyu a ce tunda akwai jini a tarihin, a kawar da kai gaba ɗaya. Wannan kuma zai hana mu ganin wani abu mai muhimmanci: hannayen da suka ƙera injin yaƙi sun koma suna fafatawa da Jamusawa a filin da makaminsa agogo ne, shekara ashirin kacal bayan an yi wa biranen ƙasashen biyu ruwan bama-bamai. Juyar da basira daga kisa zuwa wasa ba ta goge abin da ya wuce, amma ci gaba ne da ya cancanci a lura da shi. Abin da ba za mu amince da shi ba shi ne mu mayar da mutuwar direbobi kayan yaji, mu riƙa cewa tseren da ya fi daɗi saboda ana mutuwa a cikinsa. Wanda ke faɗin haka daga kan kujerarsa yana sayen nishaɗi ne da ran wani.

Saura matsala ɗaya da ta shafe mu kai tsaye. Kusan dukanmu ba za mu taɓa tsayawa a gaban wannan mota ba. Ba za mu ji ƙarar silinda shida tana dukan ƙirji ba, ba za mu shaƙi ƙaurin mai da taya ba. Hoto ne mai faɗin tafin hannu a gabanmu, an ce kuma gani ya kori ji, mu kuwa ganin namu ma rabi ne. David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotland, ya rubuta a 1757 cewa ba kowane ra'ayi kan kyau ne daidai da kowane ba, ya kuma lissafa abin da ke sa mutum ya zama alƙali nagari a wannan fage: kaifin lura, yawan gogayya, kwatanta abu da 'yan'uwansa, kuɓuta daga son zuciya, da hankali. Idan muka duba jerin za mu ga yawancinsa ba ya buƙatar tikitin jirgi. Muna iya ajiye hoton R380 kusa da na Porsche 906 da na Brabham BT8 mu ga inda ta bi su da inda ta rabu da su. Muna iya auna ta da ma'aunin 1966, kada mu tuhume ta da rashin abin da ba a ƙirƙiro ba sai bayan shekara talatin. Abin da nisa ke wajabta mana shi ne mu san iyakar hukuncinmu, mu yi magana a kan sura da tarihi da dabara, mu bar maganar yadda take a hannu ga waɗanda suka tuƙa ta.

Idan muka dawo ga mutum biyun da suka saɓa, wanda ya ce akwatin ƙarfe ya gani bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya kai gare shi ke nan a kallon farko. Yana da 'yancin ya ji duk labarin, ya fahimci dalilin kowane lanƙwasa, sannan ya ce har yanzu zuciyarsa ba ta karkata ba, domin ba a yi wa so dole. Abin da ba shi da shi shi ne 'yancin cewa babu abin gani a wurin alhali bai tsaya ya duba ba. Shi kuma wanda ta burge, akwai bashi a kansa: ya iya nuna da yatsa ya ce ga abin da na gani, ga dalilin da ya sa yake da daraja, ga kuma laifinta ban ɓoye ba. Ra'ayin da ke iya faɗin dalilinsa ana iya koyar da shi, ana iya gyara shi, ana iya gadonsa. Wanda ba shi da dalili sai yawan masu dannawa, da zarar ƙidaya ta juya shi ma ya juya.

Wannan ma'auni bai tsaya a kan motoci ba. Da shi za mu auna tsohuwar waƙar da babu mai sauraro yanzu, da littafin da aka buga kwafi kaɗan ya ɓace, da aikin maƙerin da ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba, har da mutanen da muke zaune da su waɗanda ba su da mabiya a intanet. Ta wata fuskar R380 ta yi sa'a, domin ta samu kamfanin da ya gaje ta ya ajiye ta a inuwa, ana goge mata ƙura. Abubuwa masu yawa da suka kai ta cancanta ba su da kowa sai wanda zai tsaya ya dube su da kyau, ya kuma iya bayyana wa na kusa da shi abin da ya gani.